Ungozoma da Ciki na Huɗu

Gara in faɗi laifina da bakina kafin wani ya faɗa mini: ni na laƙaba masa suna Ungozoma. Ni ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar kaya a cibiyar binciken dabbobi, aikin da bai wuce buɗe ƙofa da rufe ta ba, don haka ƙarfin da jikina ya ƙi kashewa bakina ke kashe shi. Wata rana na iske shi durƙushe a bayan wata tinkiya, ya zura hannu a cikinta har gwiwa, yana lallashinta da murya irin ta tsofaffin mata, sai na ce, "Sannu da aiki, Ungozoma." Aka kwashe da dariya, suna ya bi shi. Ban san cewa ranar kwana tara ke nan da ya binne ɗansa na biyu ba. Bai taɓa nuna mini ba, har amsawa yake yi.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana bin tambaya ɗaya: me ke gaya wa mahaifa cewa lokaci ya yi? Yana da tumaki sittin a garke, kowace da lamba a kunne. Sai ya aske wa mai ciki gashin kwiɓi, ya manna mata wayoyi uku masu kai kamar maɓallin riga, ya haɗa su da wata na'ura mai girman akwatin rediyo, allurarta ta yi ta zana layi a kan doguwar takarda. Ya ce mahaifa tsoka ce, kuma kafin ta fara matsa takan yi gyaran murya, wani ɗan motsi da ido ba ya gani amma waya tana ji. In da sauran lokaci, layin a miƙe yake kamar titi. In ya rage kwana biyu, sai ya fara fitar da haƙora irin na zarto, gungu-gungu. Ungozoma zai duba takarda ya ce, "Mai lamba talatin da ɗaya, jibi," jibi kuwa sai a ji kukan ɗan rago. Makiyayan cibiyar sun daina yi masa musu.

A gidansa ne ilimin ya ƙi aiki. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama domin lissafi take koyarwa a makarantar 'yan mata, ta ɗauki ciki sau uku, kowanne ya kai wata biyar da 'yan kwanaki ya zube. Ba naƙuda, ba ihu. Sai dai ta ji nauyi a mara, ta miƙe, ruwa ya sauko. Likita ta yi musu bayani cewa bakin mahaifarta ne ba shi da ƙarfi, kamar buhun da igiyar bakinsa ta saki, da kaya sun yi nauyi sai ya buɗe da kansa. Na ukun namiji ne, ya yi numfashi na minti huɗu a tafin ubansa. Hannun nan da ya saba ɗaga 'yan raguna ya faɗi nauyinsu ba tare da sikeli ba, shi ya gaya masa, ba tare da an tambaye shi ba, cewa giram ɗari huɗu ne. Ya daɗe yana jin haushin hannun.

Tinkiya wata biyar take riƙe ciki, ta sauke lafiya, ɗan ya miƙe ya nemi nono. Ba wanda ya taɓa yi masa wannan kwatancen. Shi yake yi wa kansa, kullum da safe in ya shiga garke.

Ciki na huɗu ya zo Malama tana da shekara arba'in da ɗaya. Likita ba ta ɓoye musu ba, ta ce su ɗauka wannan shi ne na ƙarshe. A mako na goma sha huɗu ta ɗaure bakin mahaifar da zare, ta ce a rage zirga-zirga. Ungozoma ya fassara wannan da cewa kada a motsa ko yatsa. Ya sa bulo bibbiyu a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen ƙafa, Malama ta kwanta kai a gangare kamar kwalbar da ake tsoron ta tsiyaye. Ƙanwarta Auta, uwar 'ya'ya huɗu da ke haihuwa kamar tana atishawa, ta rufe shagonta na yadi tana zuwa wuni. Wata ta gaya wa Auta cewa wake yana ƙara jini, shi ke nan gidan ya koma gidan wake.

Da aka shiga mako na ashirin, makon da ya fara cinye masa 'ya'ya, sai barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina wucewa. Ranar Litinin da tsakar rana, lokacin hutun cin abinci, ya zo ɗakin ajiya ya ɗauki na'urar ya sa a jakar buhu. Doka ta hana a fita da ita. Ni kuwa na rufe ido na yi kamar ina barci, abin da ban sha wahalar kwaikwaya ba.

"Yau kuma me aka kawo mana?" in ji Auta, tana kwashe kwanon waken da yayarta ta gama ci. "Yaya, ga mijinki ya zo da rediyo, za a sa wa jariri labaran duniya."

"Ke Auta, fita ki ba mu wuri."

"Ba inda za ni. In za a aske ta, in riƙe ƙafafun."

Malama ta dubi wayoyin, ta dubi fuskar mijinta. Ta ga yadda kwalar rigarsa ta yi masa yawa. Ta ɗage rigarta.

Ya goge wurin da auduga, ya manna wayoyi uku, hannunsa na tafiya da kansa kamar yadda ya yi sau dubbai. Ya zauna a bakin gado minti talatin yana kallon allura. Layi a miƙe, da ɗan kumburi nan da can.

"Me ta ce?" in ji Malama.

"Lafiya lau."

"To Alhamdu lillahi. Nawa ce lambata?"

Ya yi dariyar dole, ya ciccire wayoyin.

Haka ya yi ta yi kullum: ƙarfe ɗaya ya ɗauki na'ura, ɗaya da kwata yana gida, ƙarfe biyu ya mayar. Talata lafiya, Laraba lafiya. Ranar Alhamis aka sami haƙori biyu, ya yanke takardar ya sa a aljihu, ya wuni yana fito da ita yana mayarwa har ta yi laushi. Litinin ta mako na ashirin da ɗaya, minti shida da kunna na'urar, allura ta fara rawa. Haƙora suka fito gungu guda, suka lafa, suka sake fitowa. Ya san zanen nan fiye da yadda ya san sa hannunsa.

"Malam, me ka gani?" in ji Malama.

"Kina jin wani abu?"

"Ba na jin komai."

"Wancan karon ma ba ki ji komai ba."

Bai yi niyyar faɗa ba. Auta ta ajiye cokali. Malama ta kai hannu biyu ta tallabe cikinta ta ƙasa, kamar mai riƙe kwano cike da ruwa.

"Kwana nawa?" ta tambaya a hankali, domin ta san aikinsa.

"Biyu."

Ya buga waya aka kawo motar ɗaukar tumaki ta cibiya, don ita kaɗai ce mutum zai kwanta a bayanta ya miƙe. Gidan nasu a hawa na biyu yake, kuma ya rantse Malama ba za ta taka matakala ba. Shi da direba da telan da ke ƙasan bene suka sauko da ita a kan katifa, suna karo da bango a kowace kwana, Auta na biye da filo da jaka tana salati. A bayan mota ya durƙusa cikin ɓurɓushin harawa ya riƙe ƙafafun matarsa a kafaɗarsa don su fi kanta tudu. Duk ramin da taya ta faɗa sai ya ji a hantarsa. Yana buga rufin mota yana cewa a yi a hankali, bayan minti ɗaya ya sake bugawa ya ce a yi sauri. A wurin fitilar hanya wani mai babur ya leƙo ya ce, "Allah ya ba da lafiya."

A asibiti mata masu ciki sun cika benci har bakin ƙofa, kowace da katinta. Ma'aikaciyar jinya ta ce su bi layi. Mutumin da bai taɓa tsallake layin ko da burodi ba ya tura ƙofar likita ya shiga, wata mata tana kan gado tana gyara zane. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya zube gwiwa biyu a ƙasa, ya warware takardarsa a kan tayil, ta yi tsawon tabarma.

"Likita, ki yi wa Allah. Ki kwantar da ita. Ki ba ta maganin tsayar da naƙuda, ki yi mata allurar da ke nunar da huhun jariri, ki ƙara wani ɗinkin, ki yi wani abu. Kwana biyu ya rage."

Likitar mace ce mai furfura a goshi, ita ta karɓi biyu daga cikin ukun da suka tafi. Ta ba wa matar da ke kan gado haƙuri ta sallame ta, sannan ta ce, "Tashi, Malam. Allurar huhu ba ta da amfani a mako ashirin da ɗaya, ka fi ni sani, a jikin tumaki aka fara gwada ta. Wa ya ce maka kwana biyu?"

Ya yi mata bayani, yana nuna haƙoran da yatsa. Ya faɗi shekarun, ya faɗi adadin tumakin, ya faɗi sau nawa ya yi kuskure, bai kai a ƙirga ba. Ba ta yi masa dariya ba. Ta sa tabarau ta sunkuya ta bi layin daga farko har ƙarshe.

"A shigo da ita," ta ce.

Aka turo Malama a kan gadon taya, Auta na gefe. Likita ta ɗage rigar. Wayoyin ba sa nan, amma danƙon ya bar zagaye uku jajaye a fata.

"Nan ka manna?"

"Nan."

"Kwiɓin dama, can ƙasa wajen ƙugu. Me ya sa nan?"

"Ai nan ake sawa. A hagu tumbi ya tare wurin, ba a jin komai, dole sai ta dama, gaban hantsa da..."

Ya tsaya.

Likita ta cire tabarau. "Malam, matarka tana da tumbi?"



"Tana tuƙa irin ta tumaki?" Ta kama hannunsa ta ɗora a tsakiyar cikin, ƙasan cibiya. "Ga mahaifar nan, a gaba, inda Allah ya ajiye ta. Can da ka sa wayarka babban hanji ne. Ƙarfe nawa kake aunawa?"

"Ɗaya da kwata."

"Bayan ta ci abinci ke nan. Me take ci?"

"Wake," in ji Auta da ƙaramar murya. "Yau na ƙara mata, na ga ta rame."

Sabo turken wawa. Shekara goma sha huɗu hannunsa yana zuwa wuri ɗaya, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba. Auta ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na girgiza, ba a san ko dariya take ko kuka ba, ita ma ba ta sani ba.

Likita ta kore su waje ta duba Malama. Ya tsaya a baranda ya jingina goshi da bango mai sanyi. Kunya ba ta dame shi ba tukuna, wannan sai daga baya. Abin da ya tsaya masa shi ne, in takardar ƙarya ce, to kwana bakwai ke nan ba ya gadin komai. Mai yiwuwa abin yana faruwa can a tsakiya, shiru, yadda ya saba, shi yana gefe yana sauraren wake.

Aka kira shi.

"Zaren yana nan daram," in ji Likita. "Bakin a rufe, tsawonsa bai ragu ba. Zuciyar jariri tana bugawa kamar ganga. Ku koma gida, kuma a mota mai kujera."

"Zai riƙe har ƙarshe?"

"Ban sani ba."

"In na gyara wurin wayar, in sa a tsakiya..."

"In ka sa a tsakiya ka ga haƙora, me za ka yi? Ka sake sauko da ita daga bene a katifa? Abin da ka yi mata yau ya fi wata guda na kwanciya haɗari."

"To me zan yi, Likita?" in ji shi. "Ki faɗa mini abu ɗaya da zan yi. Ko mene ne. Na binne uku da hannuna. Ni ne mutumin da ake tasowa daga garuruwa a tambaya yaushe dabba za ta haihu, kuma ba zan iya riƙe nawa mako uku ba?"

"Ba abin da za ka yi," ta ce, ba da faɗa ba. "Ni ma na gama nawa ranar da na ɗaure zaren. Sauran jira ne. In kun kai ashirin da huɗu, akwai magana. In kun kai ashirin da takwas, akwai magana mai daɗi."

Ta fita ta bar su. Malama na kwance tana kallon fankar da ke juyawa a sama.

"Na san ba nan yake ba," ta ce.

"Me?"

"Inda kake sa wayar. Ni yake shura, na san inda yake. Tun ranar farko na sani."

"Kika yi shiru?"

"In na hana ka, me za ka yi da hannuwan nan naka? Ka ga yadda kake zagaya ɗaki? Minti talatin ɗin nan ne kawai kake zama wuri ɗaya. Amma yau da ka ce kwana biyu, na yarda da kai. Duk da na sani. A bayan motar nan har na zaɓi zanen da za a naɗe shi."

Ya zauna a ƙasa kusa da tayar gadon, ya kifa kai a kan ƙarfen. Ta sa hannu a sumarsa tana cire masa harawa ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, Ungozoma," ta ce, "ko tinkiya ce ni da na tuma na gudu."

Washegari ya dawo da na'urar ya ajiye a kan kanta, bai sake ɗauka ba sai don tumaki. Daga nan ba abin da ya rage masa sai kwanaki, kuma kwana ba ya da wurin manna waya. Yakan tsaya a garke yana aiki, waya ta yi ƙara a aljihunsa, sai ka ga mutum ya daskare, ya kasa ɗagawa har ta tsinke, sannan ya kira da kansa ya ji Auta ce ke tambayar inda aka ajiye ashana. Ya daina hawa matakalar gidansa da sauri, don kada ya isa da wuri ya iske abin da yake tsoro. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya kasa kunne. In ya ji Auta na surutu, sai ya shiga.

Ranar da ta dace da ranar da na ukun ya tafi, mako ashirin da biyu da kwana uku, bai je aiki ba. Ya zauna a kujerar roba a gefen gado tun safe har la'asar, ba wanda ya ambaci abin. Malama tana gyara takardun jarrabawar da wata abokiyar aikinta ta kawo mata don ta rage zaman banza. Can ta ce, "Ba ni hannunka," ta ɗora shi ƙasan cibiya. Aka shure shi sau biyu. Ya janye hannun da sauri, don ya ji ya fara ƙiyasta nauyi.

Ashirin da huɗu ta zo ta wuce, bai yarda ba. Ashirin da takwas ta zo, Likita ta ce a cire bulon nan, Malama ta riƙa takawa, ya cire biyu ya bar biyu. A talatin da biyu Auta ta sayo 'yan riguna, ya sa ta mayar da su shagonta, ya ce ba za su kwana a gidan ba sai mai su ya zo. Ya rame har makiyaya suka fara ba shi shawarar maganin tsutsa.

A mako na talatin da bakwai aka sa ranar cire zare. Ungozoma ya lissafa cewa da an yanke shi komai zai sauko a take, kamar an kwance bakin buhu. Ya sa mai tasi ya tsaya a ƙofar asibiti da inji a kunne, ko da za a ce a wuce wani wuri. Ya kawo mutum biyu masu irin jininta suka zauna a benci. Shi kansa ya tsaya a bakin ɗakin ya naɗe hannun riga, bai san don me ba. Bayan minti goma Malama ta fito da ƙafarta, tana tambayar ko akwai inda ake sayar da lemo mai sanyi.

Suka koma gida. Aka yi kwana ɗaya, aka yi mako, aka yi uku. Ranar haihuwa ta zo ta wuce da kwana goma sha ɗaya. Likita ta sa Malama hawa matakala da sauka sau goma kullum, aka yi mata allurar naƙuda har sau biyu, a ƙarshe aka shiga da ita ɗakin tiyata aka ciro 'ya mace mai kilo huɗu. A gurbin dalilin yin aiki, Likita ta rubuta cewa bakin mahaifa ya ƙi buɗewa.